Ranar da 'Yan Tsaron Gero Suka Tafi Makka

Bana azumi ya faɗo a tsakiyar damina. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakina a nan Gusau, ruwa yana zuba daga indararo, sai ga jikata Safiya ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ta jefar da jaka a kan tabarma. Addini take koya wa 'yan ƙaramar sakandare. Ta ce, "Kaka, yaran nan za su tsufar da ni. Yau wata ta tambaye ni wai in mutum ya yi mafarki yana shan ƙanƙara, azuminsa ya karye?"

Na ce mata ta gode wa Allah. Nata ɗaliban suna zaune a kan benci, ga bango ga ƙofa. Nawa tashi suka yi suka tafi Makka, suka bar mana gero a hannun tsuntsaye.

A lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ba, babu mota, babu jirgin ƙasa, hanyar Gusau ta ƙafa ce da jaki. Ina amarya a wani ɗan ƙauye kusa da Bungudu, amarya ba ango. Maigidana ya bi ayarin masu zuwa aikin hajji da ƙafa tun lallen bikinmu bai gama gogewa daga farcena ba. Labarinsa na ƙarshe wani mai kanwa ne ya kawo, ya ce ya gan shi a 'Yandoto yana gyara takalmi. Daga nan sai ni da zuciyata muka ci gaba da raka shi, kullum ina shimfiɗa masa hanya a raina, ina dasa masa inuwa.

Daminar da ta gabaci wannan, ruwa ya ɗauke tun gero yana gwiwa. Kafin bazara mun share gindin rumbu da tsintsiya, mun sheƙe, mun sake sheƙewa. Maza masu ƙarfi suka watse neman abin kawowa gida. A wata shekarar ba za a bar ni na leƙa ƙofar gida ba, amma yunwa ta ɗage kulle, kowace mace ta ɗauki kwando ta shiga daji neman tafasa da rama da gasaya. Da ruwa ya kusa, gida uku suka haɗa ɗan irin da ya rage musu, aka binne shi a gonar surukina, Baba, saboda tana gefen fadama tana riƙe laima. Allah ya ba da ruwa, geron ya tashi kafin na kowa. Shi ne abincin gida ukun nan har dawa ta nuna, babu wani bayansa.

To amma gonar da ta riga kowa nuna ita ce kasuwar tsuntsaye. Tun ƙwayar tana ruwa-ruwa suka fara zuwa, garke-garke, kamar hayaƙi. Aka kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, aka ja igiyoyi daga ita zuwa kowace kusurwa, aka rataya musu sakaina. In ka girgiza igiya sakainar ta yi ƙara, tsuntsaye su tashi. Kowane gida ya ba da yarinya guda. Dije 'yar maƙeri, mai baki kamar an wasa shi a maƙerar ubanta. Hansai mai shiru. Sai Tumba, ƙanwar maigidana, wadda ba ta taɓa kira na da komai ba sai "matar Yaya".

Watan azumi ya tsaya a cikin wannan hali. Shekarar da ta gabaci wannan, yaran azumin rabin yini suka riƙa yi, surukata Inna tana ce musu za ta ɗinke musu biyu-biyu su zama guda. Wannan karon Baba ya ce sun girma, babu sauran ɗinki. Shi malami ne, shi ya saba karantar da su, amma ƙafa ta kumbura masa ba ya iya fita. Ya kira ni, na durƙusa daga bakin zaure.

Ya ce, "Ɗiyata, ubanki ya karantar da ke. Ki zauna da su bisa rumfa, hannu na jan igiya baki na karatu. Su san imani, su san azumi, su san sauran shika-shikan. Amma geron shi ne gaba."

Na ji daɗi ƙwarai. Na ga kaina a bisa rumfa kamar wata tauraruwa, yara sun kewaye ni suna shan ilimi, iska tana kaɗa mayafina. Abin da na tarar daban.

Da asuba mu sha ɗan kunun dusa, ruwa ya fi gari yawa. Gari na wayewa yaran su riga ni fita, domin tsuntsu ba ya jiran hantsi, ni kuma in gasa wa Baba ƙafa in bi su. Raɓa ta jiƙa mu har ƙugu. Kafin rana ta take, ƙasa ta fara tururi, zafin damina mai ɗanko ya manne a jiki, ƙudaje su yi ta bin gefen ido. Ciki ya yi kuka har ya gaji ya yi shiru. Ƙanshin ɗanyen gero kuwa yana tasowa daga ko'ina, kana gani, kana shaƙa, ba dama ka taɓa. Da yamma hadari ya haɗo daga gabas, mu takure a ƙarƙashin asabari muna rawar sanyi. Da magariba a sha kunun tsamiya tsararo, a ci kwaɗon tafasa ba ƙuli. A gaskiya bambancin azumin nan da sauran kwanakin shekarar niyya ce kawai.

A cikin wannan nake karatu. Na fara da imani. Na ce akwai mala'iku, ba sa ci ba sa sha.

Dije ta ce, "To su mi ad da wuya cikin azuminsu?"

Na ce kowane mutum yana da masu rubuta aikinsa, dama da hagu. Tumba ta dubi kafaɗarta ta ce, "Matar Yaya, in na kwanta ta hagu na danne shi, ya iya rubutu?"

Na zo kan abin da ke karya azumi, nan ne na san na shiga uku. Da aka fara yayyafi na ga Dije ta ɗaga kai sama, baki buɗe.

"Dije, rufe bakinki!"

"Hamma nike, Yaya. In ruwan Allah ya faɗa ba ni na sa shi ba."

Na kama Tumba tana murza zangarniya tana kai wa baki. Ta ce dubawa take ko ya nuna, ai na ce mai girki tana iya ɗanɗana miya ta tofar. Na ce to tofar. Ta ce ya wuce da kansa. Hansai kaɗai ce ba ta tambaya, sai ta zuba min ido kamar tana haddace ni, in na ce ta maimaita ta ce ta manta.

Na yi tsawa, na yi lallashi, na rera musu waƙar wa'azi da na koya a gidanmu. Kai ɗaya ba ya ɗauka. In na ce su faɗi shika-shikan Musulunci, sai su kawo huɗu su tsaya suna kallon fara. Amma abin da zai amfani cikinsu, sau ɗaya ake faɗa. Ranar da na ce mara lafiya da matafiyi an yarda su sha ruwa su rama daga baya, na ga idon Dije ya yi haske. Na ɗauka hasken fahimta ne.

Sai muka iso kan hajji. Ranar an yi ruwa da safe, sama ta wanke tas, gabas ta yi shuɗi har ƙarshen gani. Na fara da abin da ke cikin karatu: harami, ɗawafi, tsayuwar Arfa, jifa. Amma ina faɗin harami sai na ga maigidana a cikin fararen mayafai biyu, dogo, iska tana wasa da gefensu, sai bakina ya ƙwace. Na ba su labarin hanya yadda nake ganinta kullum. Garuruwa masu fararen soraye. Mutane suna fitowa da ƙoren fura da nono suna roƙon matafiya su sha don su sami albarka. Dabino yana zuba ba mai tsinta. Rijiyar da in ka sha ruwanta ba ka ƙara jin yunwa. Na daɗe ina magana. Karo na farko ba wadda ta katse ni.

Dije ce kawai ta ce a hankali, "Yaya, ta ina ake bi?"

Na nuna da hannu. "Gusau, sai Tsafe, sai ka yi ta bin fitowar rana."

Har yau ban yarda na faɗi abin da bai kamata ba. Mai koyarwa dole ta sa wa karatu gishiri. Wa zai zaci yara masu hankali za su ɗauki gishirin su bar miyar?

Washegari na makara, ƙafar Baba ta fashe sai da na wanke na ɗaure. Ina fita na jiyo Inna a ɗaki tana sallallami, wai an buɗe mata adudun kayanta. Ban tsaya ba. Tun daga nesa na san akwai magana, domin ban ji ƙarar sakaina ba, sai wani irin guɗa kamar ta mata a gidan biki. Na kutsa cikin gero da gudu. Tsuntsaye sun rufe gonar baƙi ƙirin, kowace zangarniya ta sunkuya da nauyinsu, ƙaiƙayi yana zuba kamar yayyafi. Rumfa ba kowa.

Ba su tafi haka kawai ba, a ganinsu sun bar wakili. Sun haɗa bakin igiyoyin duka sun ɗaure a wuyan akuyar gidan su Hansai, wai in ta motsa sakaina ta yi ƙara. Akuya kuwa ta karya kara ta kwanta a gindin rumfa tana tuƙar geronmu, ido lumshe.

Na fizge igiyoyin na girgiza, na yi ihu har maƙogwarona ya tsage. Tsuntsaye suka tashi, suka yi kewaye ɗaya, suka sauka a bayana. A nan na ga sawu a cikin laka, ƙananan ƙafafu sun nufi gabas.

A kan hanyar Gusau akwai wani rafi da ke cika ya tumbatsa in an yi ruwa, ko a makon nan ya tafi da jakin wani mutum da kayansa. Ƙauye yana bayana da nisa, in na koma kiran mutane yaran sun kai bakin ruwa. In na bi su, gero ya zama na tsuntsaye. Na tsaya riƙe da igiya ina kallon abincin gida uku yana ƙarewa. Na ƙara girgizawa sau ɗaya don haushi, na saki, na ɗaure zanena na bi sawu.

Ban taɓa yin gudu irin na ranar ba, kuma da azumi a bakina. Laka tana riƙe ƙafa, ƙaya tana jan zane, rana ta fito ta tsaya a tsakar kaina. Harshena ya zama kamar busasshen fata. Duk mafarkin da na yi na wannan hanya, ban taɓa sa mata ƙarangiya ba. Ina tafe ina shirya abin da zan yi musu, ina kuma roƙon Allah ya sa in same su da rai don in yi musu shi.

Na same su wajen azahar. Rafin ya cika yana ruri, jajawur, ya hana su wucewa. Suna zaune a gindin wata tsamiya kusa da rugar Fulani, kowace ta naɗe da farin saƙi, kafaɗa ɗaya a waje. Ƙwarya tana tsakiyarsu an lashe ta tas. Wata dattijuwar Bafulatana tana tsaye tana riƙe da ciki don dariya.

Ta ce, "Naki ne alhazan? Sun ce in ba su nono in samu lada. Na ba su, ban taɓa ganin masu zuwa Makka da akaifa cike da ƙasar gona ba."

Ban ko amsa mata da kyau ba. Na ce, "Dije! Da tsakar rana? Cikin watan azumi?"

Ta goge farin gashin baki da nono ya yi mata. "Mu matafiya ne, Yaya. Ke kinka ce."

"Tafiya mai nisa ake nufi!"

"Akwai wadda ta fi Makka nisa?"

Na ce, "Sai wanda ya fita tun kafin alfijir. Ku da azuminku kuka fito. Kuma wa ya ba ku izini? Kuma sai kun rama!"

Tumba ta zabura. "Rama? Ba ki ce ba!"

"Na ce! Kina can kina murzar gero."

Sai na lura da ƙyallen da ke jikinsu. Saƙi ne mai kyau, sabo, an yage shi gida uku da haƙori. Na san shi. Inna ce ta kaɗa zarensa da hannunta, ta kai wa masaƙi, ta ajiye a ƙasan adudu saboda ranar da za ta koma ga Allah.

"Tumba, likkafanin Inna ne wannan?"

"Shi kaɗai ne fari a gidan. Ke kinka ce sai da fari."

"Maza! Maza ke sa harami! Mace da kayanta take zuwa!"

Dije ta ce, "To ai labarin namiji guda kinka ba mu tun daga farko har ƙarshe."

Na ɗaga hannu zan kai mata. Sai Hansai, wadda ban taɓa jin ta haɗa magana mai tsawo ba, ta ce, "Cewa munka yi in mun gan shi mu ce ya dawo. Kullum kina kallon gabas igiyarki na kwance. Ɓangarenki tsuntsu ya fi ci."

Hannuna ya sauka da kansa. Ba don na yafe ba, ƙarfina ne ya ƙare. Bafulatanar ta miƙo min ruwa, na ce ina azumi. Na tasa su a gaba. A hanya Dije ta tambaya ko ladan rabin hanya ana rubuta shi. Na ce ta tambayi wanda Tumba ta danne.

Mun iso gona rana ta karkata. Tun daga nesa na ji ana dukan ƙwarya ana zage-zage. Inna ce. Ta biyo Tumba neman ƙyallenta, ta tarar da gona ba kowa, ta hau kan tsuntsaye da fushin da ta tanadar wa 'yarta. Fushin nan shi ya ceci kusurwar yamma. Sauran gonar kuwa, in ka kama zangarniya sai ka ji ta sakayau a hannu, fara fat kamar an tsefe ta. Na bi kunyoyin gonar ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa ina saki. Yaran suka tsaya a bakin gona cikin fararen tsummansu.

A zaure Inna ta shimfiɗa ƙyallen uku a gaban Baba, duk laka da nono.

"Malam, dubi! In na mutu yau da mi za a rufe ni?"

Baba ya ce, "Sai ki dakata tukuna."

Bai yi dariya ba, ba wanda ya yi. Ya sa aka kawo masa zangarniya daga kowace kusurwa, ya murza a tafin hannu, ya hura, ya daɗe yana kallon abin da ya rage. Ya ce yaran za su rama yininsu bayan salla. Ya ce gobe a yanke abin da ya tsira ko bai gama bushewa ba, domin tsuntsun da ya ɗanɗana ba zai bari ba. Sannan ya juyo wajena.

"Ɗiyata, hajji ki bar min shi. Ki koya musu zakka."

Aka yanke geron ɗanye. Muka shanya a tsakar gida, hadari ya taso mu kwashe, rana ta leƙo mu mayar, har wani ya yi fumfuna. Da aka raba gida uku, rabon kowa mace ɗaya ta ɗauke shi a ka. Muka koma wa tafasa. Ƙannen Hansai suka fara kumburin ƙafa, uwarta ta daina amsa gaisuwata. Karatun zakka kuwa ban samu na yi ba, kullum muna daji da kwando, in mun dawo ba mai ƙarfin buɗe baki.

Ranar jajiberin salla Baba ya sa na auna abin da ke cikin tukunya. Bai kai na zakkar fidda kai ba, ko na bakinmu bai kai ba. Baba mutum ne da gonarsa yake ci, duk shekara daga zaurensa ake ɗiban hatsi a kai wa marasa shi, bai taɓa miƙa hannu ya karɓi na kowa ba. Ya ja carbinsa.

Da safe, kafin a tafi idi, aka yi sallama. Wani manomi ne daga Bungudu, tsohon ɗalibin Baba, da ɗan buhu a kan jaki. Ya durƙusa ya ce fidda kan gidansa ne, ya ji abin da ya faru. Baba ya juya fuska wajen bango. Mutumin yana durƙushe, ba a ce ya ajiye ba, ba a ce ya tafi ba. Inna ta leƙo ta yi min alama da ido.

Yaran uku suna rakuɓe a bayan ƙofa, sun yi kitso ba mai. Dije ta jawo gefen zanena ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, ba ki koya muna ba. Su wa ake ba zakka?"

Na ce, "Je ki ɗauko ƙwarya."